Akwatin da Mahdi Ya Ɗaure

Wata ranar Talata ce a tsakiyar damina Safara'u ta shiga wani shagon gilashi a Gangare, mayafinta jiƙe da yayyafi. Saurayin da ke yankan madubi ya amsa sallamarta, ya tambaye ta girman tagar da za a yanka wa gilashi.

"Ba na taga nake nema ba," ta ce. "Fasassun da kuke sharewa nake so."

Ya ajiye abin yankan ya dube ta da kyau. "Fasassu kuma? Me za ki yi da su?"

"Narkarwa nake yi."

Sunansa Mahdi, shi ke riƙe da shagon tun rasuwar mahaifinsa. Ya cika mata buhu guda, ya ce sharaɗinsa ɗaya ne, ta bari ya ga abin da ake yi da su.

Safara'u zane ta karanta a Zariya. Da ta dawo Jos sai ta zama ɗalibar Baba Dantong, wani dattijo da ya shafe shekara talatin yana yi wa coci-coci tagogi masu launi, yana kuma da tanderun narka gilashi a bayan gidansa a Daɗin Kowa. Da safe ta zana duwatsun Shere da fenti, da rana ta tsaya gaban wuta ta ƙera irinsu da gilashi.

Ranar da Mahdi ya zo, ya daɗe tsaye gaban wani dutsen gilashi shuɗi da rana ke ratsawa. Sai bayan ya tafi saƙonsa ya shigo wayarta.

"Malamata, shekara tara ina taɓa gilashi, sai yau na gan shi. Buhun gobe ni zan kawo da kaina."

Ta amsa: "Oga Mahdi, buhun jiya ma ban ƙarar ba."

"To zan zo in taya ki ƙararwa."

Haka aka fara. Kafin shekara ta zagayo ya san duk tabon ƙunar da ke hannunta da ranar da ta same shi. Mahaifinta, tela ne a Jos Jarawa, ya ce Mahdi ya turo manyansa. A wajen Hajiyar Mahdi magana ta tsaya.

"Macen da ke wuni gaban wuta a gidan wani, tana ƙera gumaka?" in ji Hajiya. "Ga Suwaiba 'yar ƙanena, malamar makaranta, me ta rasa?"

Mahdi ya rantse babu gunki ko ɗaya. Hajiya ta ce ba sai ta gani ba, ta ji a gari.

Ana cikin haka aka gayyaci Safara'u baje kolin masu zane a Legas, karo na farko da aka kira ta da sunanta ita kaɗai. Ta zo masa da takardar gayyatar. Ya karanta, ya yi murmushin da bai kai ido ba.

"Hasken idona, da ma ki haƙura da wannan tafiyar. Ko Hajiya za ta sauko idan ta ga kin zauna."

Ta karɓe takardarta ta ninke. "Yau Legas, gobe tanderun, jibi burushin. Me zai rage da za ka aura?"

Washegari ya ba ta haƙuri. Ya ce don ta tabbatar ya janye maganar, shi zai haɗa akwatin kayan da hannunsa. Kwana uku ya yi yana aikin. Ya naɗe kayan gilashin guda goma sha huɗu ɗaya bayan ɗaya da soso da tsumma, ya buga ƙusoshi, ya raka akwatin har tasha.

A Legas, gaban masu shirya bikin, aka buɗe murfin. Sha ɗaya sun farfashe. Aikin wata goma sha biyar ya koma tarkace a ƙasan akwati. Safara'u ta durƙusa tana tsinta har yatsanta ya yi jini ba ta ji ba. Sannan ta fita waje ta kira shi.

"Ka samu abin da kake so."

"Me ya faru? Kin sauka lafiya?"

"Sun fashe, Mahdi. Kai ka ɗaure, kai ka buga ƙusa. Ba ka so in zo, sai ka bari na zo in ji kunya."

Sai ya tambaye ta:

"Safara'u, a ranki kina ganin zan iya yi miki haka?"

"Ban san abin da za ka iya ba kuma."

"To," ya ce a hankali. "Allah ya huci zuciyarki."

Ta baje zanenta da guda ukun da suka tsira. Jama'a suka yaba, aka ɗauki hotonta, wata mata ta rungume ta tana cewa ba ta taɓa ganin dutse mai haske ba. Safara'u ta yi ta godiya, amma ko ɗanɗanon ranar ba ta ji ba.

Wata biyu da dawowarta ba ta neme shi ba, shi ma bai neme ta ba. Baba Dantong ne abin ya dama. Ya jawo akwatin da aka dawo da shi ya duba, sannan ya kira ta.

"'Yata, zo ki gani. Kowace ƙusa rami biyu gare ta. An cire, an sake bugawa. Kuma wannan jar ƙasar ba ta shagon yaron nan ba ce."

Ya ɗauki sandarsa ya tafi tasha da kansa. Direban ya yi ta kwana-kwana, daga baya ya faɗi gaskiya: a hanya ya sauke akwatin don ya loda buhunan dankali, ya suɓuce daga saman mota, murfin ya ɓalle, ya mayar ya buga ya yi shiru.

Safara'u ta zauna a bakin tanderun da ba a kunna ba, ta rubuta saƙo a waya ta goge har sau biyar.

"Mahdina, na zalunce ka. Direba ne ya yar da akwatin, yau na sani. Ba ni da bakin da zan ce ka yafe, amma ka yafe. Ko ba za ka dawo ba, ka sani na san hannunka bai cuce ni ba."

Saƙon ya shiga, an karanta, ba amsa.

Bayan mako guda ta je shagon. Maƙwabcinsa Ifeanyi mai sayar da fenti ya ce Mahdi ya tafi Bauchi aikin tagogin wani gini, ya ƙara da cewa ya ji ana shirin sa ranarsa da 'yar kawunsa. Ta ce Allah ya sanya alheri, ta fito. Sai da ta kai bakin titi ta fashe da kuka.

Daga ranar ba ta sake kunna wuta ba. Ta rame, ta daina zuwa Daɗin Kowa. Mahaifinta yakan bar keken ɗinkinsa ya zo ya zauna kusa da ita, ba ya cewa komai sai, "Ci ko kaɗan ne, uwata."

Ranar wata Juma'a ta yafa mayafi ta nufi gidan da ba a taɓa gayyatarta ba. Ta durƙusa a tsakar gida ta gaida Hajiya.

"Hajiya, ba shi na zo nema ba. Na yi masa ƙazafi, ya kuma daina jin maganata. Ke zai ji. Ki gaya masa ɗanki mai amana ne, ni ce na kasa ganewa."

Hajiya ta daɗe tana kallon hannayen da ke kan gwiwar yarinyar.

"Ke ce Safara'un?" Ta nisa. "Da na yi masa maganar Suwaiba, ce mini ya yi in yi yadda nake so. Suwaiba kuwa da ta gan shi ta ce ba za ta auri mutumin da zuciyarsa ke wani gida ba. Yaron nan ko abincina ya daina ci." Ta gyara zama. "Gumakan nan naki, a ina suke?"

Washegari suka hau keke mai ƙafa uku tare har Daɗin Kowa. Baba Dantong ya kawo wa Hajiya kujera, ta ƙi zama. Ta zagaya tana duba duwatsun gilashi da kwanuka da fitilu, tana taɓa kowanne da ɗan yatsa.

"Shi ke nan? Wannan ai dutsen bayan gidanmu ne na ƙauye." Ta juyo. "Wutar ba ta cin ki?"

"Tana ci, Hajiya."

"Kuma ba za ki bari ba?"

Safara'u ta sunkuyar da kai. "Ba zan iya ba."

"To ki riƙa shafa man kaɗanya."

Kwana biyu bayan haka, da la'asar, wayarta ta yi ƙara.

"Malamata, na karanta saƙonki ya fi sau ɗari. Ba fushi ya hana ni amsawa ba, tsoro ne kada in dawo ki sake ganina a haka. Ina ƙofar gida."

Ta fito ba ko takalmi. Ya rame har ta kusa rashin gane shi. Ta buɗe baki, kuka ya riga magana fitowa.

"Ya isa," ya ce. "Ni ma da laifina. Da ban ce ki fasa tafiyar ba, da zargin bai sami wurin zama ba."

"Ka yafe mini?"

"Tun kan hanyar Bauchi."

An ɗaura auren bayan ƙaramar Sallah a masallacin unguwarsu. Baba Dantong ya zo da babbar rigar da mahaifin amarya ya ɗinka masa, ya zauna cikin dattawa yana share ido ba tare da ɓoyewa ba. Da yamma, da aka kawo amarya, Hajiya ta kama hannayenta biyu ta ɗora a kan na ɗanta.

"Na daɗe ina hana abin da ban gani ba, ku yafe mini. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Idan kun ɓata, ku tambayi juna kafin ku yanke hukunci."

Daga ƙarƙashin mayafi, Safara'u ta ce amin, ta ƙara riƙe hannun mijinta.