Alamar Da Butrus Ya Roƙa

"Fure?! Saboda fure za ka fasa aurena, Butrus?"

Muryata ta cika harabar kanisa, wato cocinmu, har matan da ke shara suka ɗago kai. Ko a jikina.

"Rasha, habibti, masoyiyata, sassauta murya..."

"Ba zan sassauta ba! Sati uku ya rage bikinmu!"

Ya sunkuyar da kai yana murza carbinsa. Butrus ke nan, direban tarakta a gonakin riɗi na Fashaga, wanda tun da yaƙi ya koro ni daga Khartoum zuwa Gadarif bai bar ni na huta da kalmar so ba. Shekara biyu cur!

"Tun ina yaro nake jin kamar Allah na kirana in zama fada, limamin kanisa da ba ya aure," ya ce. "Na ji tsoron in aure ki alhali ba nufinsa ba ne. Sai na yi addu'ar kwana tara, na roƙi Uwa Maryamu, in hidimar kanisa aka zaɓa mini, ta nuna mini farin fure a rana ta tara. Yau na tarar da shi a ƙafar siffarta, daidai inda nake durƙusawa."

"Ni fa? Ka tambaye ta yadda za a yi da ni?"

Ya ci gaba da murza carbinsa.

"Wa ya san ka roƙi wannan alamar?"

"Yumma kaɗai," ya ce, yana nufin mahaifiyarsa.

Na juya na shige kanisa, na tsaya gaban siffar Uwa Maryamu. Ban durƙusa ba.

"Tun da na binne uwata ke na riƙa a matsayin uwa," na ce. "Ke nake kai wa kukana. Haka uwa take yi wa 'yarta?"

Da kuka na isa gida. Inna Jummare, Bahausar da ta ba ni ɗaki a gidanta tun zuwana, tana ƙarƙashin rumfa tana tsintar dawa. Na zayyana mata komai.

Ta ajiye faifan.

"Farin fure kika ce? La'ilaha illallahu! Jiya da la'asar Ummu Butrus, uwarsa, ta shigo nan ta roƙi farin furen yasmin da na shuka a gwangwani. Da hannuna na tsinka mata!"

Na ji jinina ya tafasa.

"Share hawayenki, 'yata. Nana Maryamu mu ma tamu ce. Ba ta san ha'inci ba."

Ko mayafi ban gyara ba na nufi gidan su Butrus. Na tarar da uwarsa tana soya bunnu, ƙwayar kofi, za ta haɗa jabana, kofin da ake sha a nan, Butrus na zaune a gefe kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Khalti," na ce, wato gwaggo da Larabci, "furen da aka gani a kanisa, daga sama ya faɗo ko daga gwangwanin Inna Jummare?"

Ko gezau ba ta yi ba.

"Ni na ajiye shi. Gobe ma in ta kama zan sake."

"Yumma?!" Butrus ya miƙe tsaye.

"Kana wata shida zazzaɓi ya kusa ɗauke ka. Na yi wa Maryamu alkawari, in ta roƙa maka rai zan ba da kai ga kanisa. Ga ka nan raye! Sai kawai wata da ba mu san danginta ba ta zo ta sa ni in zama maƙaryaciya?"

"Sai kika sa wa Uwa Maryamu ƙarya a baki don ke ki fita daga alkawarinki?" na ce. "Dangina kuma suna ƙarƙashin ƙasa, khalti. Ba ni na zaɓi hakan ba!"

Butrus ya biyo ni har ƙofa.

"Rasha, ki yafe mini... Khalas, magana ta ƙare, ba a fasa komai ba, ruhina."

Dariya ta ƙwace mini, mai ɗaci.

"Da safe fure ya ce ka bar ni, ka bar ni. Yanzu an ce furen na bogi ne, ka dawo. Kai kanka me ka ce? Ni ba ragowar abin da kanisa ta ƙi ba ce!"

"To me kike so in yi?"

"Je wurin Abuna, fadan kanisarmu, ka faɗa masa gaskiya. Ka tafi girbinka, ka yi addu'a kamar babban mutum, ba tare da gindaya wa Allah sharaɗi ba. In fada za ka zama, ni zan fara sumbatar hannunka. Amma kada ka sake zuwar mini da rabin zuciya."

Ya tafi Fashaga.

Kwana arba'in ba kira, ba saƙo. Kullum da safe ina zuwa gaban Uwa Maryamu. Na nemi gafararta, na kuma faɗa mata ƙarara cewa ina son sa, amma in ba nawa ba ne ta taya ni haƙuri. Wannan jimlar ta ƙarshe sai da na yi sati biyu kafin ta iya fita daga bakina.

Ranar da aka gama yankan riɗi Butrus ya yi sallama, ya yi baƙi ya rame.

"Ban roƙi alama ba," ya ce. "Abuna ya ce in duba inda zuciyata ke samun natsuwa. Duk sanda na hango kaina cikin rigar fada, muryar Yumma nake ji, da tsoro. Sanda na hango gida da ke a ciki kuwa, sai in ji addu'a ta yi mini sauƙi. Ke na zaɓa, Rasha, da idona biyu. Na gaya wa Yumma kafin in zo."

Na bar shi a tsaye har sai da Inna Jummare ta harare ni.

"To," na ce.

Ana gobe ɗaurin aure, mata na yi mini lalle, sai ga Ummu Butrus a bakin ƙofa. Guɗa ta tsaya cak.

"Abuna ya ce alkawarin nawa ne, ba na yaron ba," ta ce, idonta a ƙasa. "Na yi miki ba daidai ba, binti, 'yata."

Ban rungume ta ba. Raina bai gama hucewa ba, kuma ba zan yi ƙarya ba.

Amma na matsa, na ba ta wuri a kan tabarmata.