Ƙoƙon Kan da Aka Yi wa Zarto

Sufeto ya kasa zama tun da aka ajiye ƙoƙon kan a teburinsa. Wani kafinta ne ya kawo shi daga gabashin dutse, haɗe da hular yayan matarsa, maharbin da ake ta nema tun makon jiya.

"Shi ne, yallaɓai," in ji kafintan. "Kuraye sun gama da shi. A sallami masu nema su huta."

Matar kafintan tana bakin kantar ofishin 'yan sandan tana kuka. Sufeto ya juya ƙashin. Fari fat, babu fuska, babu ko wari. Ya sa shi a kwali ya fice zuwa asibitin dabbobi.

Likitar dabbobi ta gyara gilashinta, ta shafa tudun girar.

"Wannan gwaggon biri ne, ya fi shekara da mutuwa. Dogon bakin aka cire. Dubi yankan, kura ba ta aiki a miƙe haka. Zarto ne."

Sufeto bai tsaya sallama ba. A shagon kafintan ya yi ta zagaya benci, yana taɓa wannan, yana ajiye wancan.

"Tare kuke farauta?"

"Ni? Ban iya riƙe bindiga ba."

Sufeto ya ɗaga wani buhu. Kwanson harsashi ya gangaro. Ya ciro zarto daga ƙusa, ya kankare haƙoran zarton da farce a tafin hannu. Garin da ya zubo fari ne kamar na ƙashi, katakon shagon kuwa duk ja.

"Me ya sa kake so a daina nema?"

Kafintan ya zauna a ƙasa.

"Motsi na gani a ciyawa, na zaci gada ce, na harba. Ashe yayan matata ne, a cinya na same shi. Na ja shi cikin kogo a yammacin dutse. Kullum ina kai masa ruwa da magani, ina cewa gobe zan faɗa. Masu nema sun kusa kaiwa can."

"Yana da rai?"

"Jiya dai ya yi magana. Ƙafar ta kumbura."

Matar, wadda ta biyo su, ta saki labulen shagon.

"Maigida, ka bar ni ina makokin Yaya?"

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya sa wa kafintan ankwa, zai nufi ofis da shi.

"Ba can ba," in ji Sufeto, yana kiran asibiti. "Sa shi a gaba. Shi ya san hanya."