Inda Ya Naɗe

"Shafin maɗaba'a ka naɗe min, Auwal? Lambar wayarsu ce ta taɓa maka zuciya?"

Na buga littafin a kan teburin shagonsa na gyaran waya. Bai ɗago ba, sai lalubar bangon littafin yake da yatsa.

"Fiddausi, ki yi haƙuri..."

"Ka riƙe haƙurinka!"

A ƙungiyarmu ta masu karatu a unguwar Magajiya duk Asabar muke haɗuwa, kowa ya faɗi abin da yake karantawa, ya miƙa wa wanda ya ga dama. Ba a rubutu a littafin wani. In wuri ya burge ka, sai ka naɗe bakin shafin. Da wannan naɗin Auwal ya sace min zuciya, don shi sarkin kunya ne, bakinsa bai taɓa iya furta so ba. Ya naɗe, ni kuma in buɗe in karanta abin da ya kasa faɗa. Har manya sun shiga maganarmu.

Amma tun bayan sallah naɗin ya lalace. Yau a tsakiyar rigimar gado, gobe a farar takarda.

Ƙawata Zainab, wadda ta daɗe tana tura masa littattafai yana mayar mata babu naɗi ko ɗaya, ita ta ƙara min wuta.

"Ke kam akwai wauta! Wanda ya daina karanta naki ai ya samu mai ba shi wani."

Na yarda, don ni zuciya gare ni kamar ashana. Na toshe lambarsa, na bar abin yana cin raina.

Ina cikin wanke-wanke wata safiya Mama ta tsaya a kaina.

"Allah ya rufa mana asiri da kika rabu da yaron nan. Zainab ta ce tun azumi ta gan shi a asibitin ido, likitoci sun ce ba gyara."

Kwanon ya suɓuce daga hannuna.

"Mama... ido?"

"Ido! Kuma ki ji da kyau, ba zan ɗauki 'yata in ba makaho ba."

Ashe Zainab ni ta sayar min da labari ɗaya, ta kai wa Mama na gaskiyar.

Ko hijabi ban daidaita ba na tare keke zuwa gidansu a Kurmin Sarki. Yayarsa Daso na tarar tana ɗaure kaya, idonta jajur.

"Ni nake naɗe miki," ta ce. "Cewa ya yi in naɗe ko'ina, kar ki gane. Wallahi ban san wurin yana da ma'ana ba."

Auwal yana zaune a tabarma, littafina a cinyarsa.

"Masoyi, me ya sa ka ɓoye min?"

"Don na san halinki. Da kin zauna don tausayi."

"To na zauna! Ni zan zama idonka!"

"Kawu ya riga ya je wurin Babanki jiya, mun janye. Anjima za a wuce da ni Sabon Wuse, can zan zauna."

Na yi kuka, na yi roƙo, har zaginsa na yi. Ko gezau. Da na gaji sai ya miƙo littafin, hannunsa ya ɗan kauce daga inda nake.

"Kin ce yana da daɗi. Karanta min ko kaɗan ne, Fidda."

Na karanta. Na kai inda saurayin ya sa budurwarsa a mota, ya juya baya don kar ta ga fuskarsa.

"Tsaya," ya ce. "Ba ni."

Ya lalubo bakin shafin, ya naɗe shi da kansa a hankali, ya danne da babban yatsa.

Mota ta yi hon a ƙofar gida.

Har yau ina zuwa ranar Asabar, Zainab ce dai ta daina. In layi ya zo kaina aka ce, "Fiddausi, me kike karantawa?" sai in ɗaga littafin nan. Sun gaji da tambayar ko na gama, wasu har aro suke nema.

Ba na bayarwa. Ban wuce inda ya naɗe ba.