Kada Ki Zo Masa Ta Baya

"Ki ɗauki Malis ki koma gidanku, Oun. Na ce ki tafi!"

Mijina Piseth ne yake faɗa min haka. Oun yake kirana, ni kuma in kira shi Bong, kamar yadda mata da miji suke yi a garinmu. Yana tsaye jikin ɗaya daga cikin dogayen ginshiƙan da suke ɗauke da gidanmu, ya cusa hannayensa a hammata kamar mai jin sanyi. Mak, mahaifiyarsa, tana zaune a ƙasa tana murza gwiwar hannunta.

Da jiri ya tashi ranar, wuyansa a sanƙare. Mak ta ce iska ce ta maƙale masa a jiki, sai an kankare. Ta kwantar da shi rub-da-ciki a kan gadon gora, ta shafa masa man zafi, ta danne kafaɗarsa, ta ɗora tsohuwar ƙwandalarta a gadon bayansa. Ja ɗaya ta yi. Ya kurma ihu ya wancakalar da Mak, ƙafarsa ta daki ragar lilon da jaririyarmu Malis take barci a ciki.

Malis ba ta faɗo ba. Amma kukan da ta tsala har yau yana kunnena.

Ban tsaya shawara da kowa ba, na buga wa yayana waya. Ya ce zai zo da babur da yamma ya ɗauke mu.

"Yaron nan tun yana tsumma nake kankare masa iska!" in ji Mak. "Ubansa ma haka, har ya bar duniya bai taɓa jifa da ni ba. Fatalwar teku ce ta biyo shi!"

Na hau sama ina tusa kayan Malis a jaka. Ina son Piseth kamar raina, amma 'yata ba ta da bakin cewa a yi a hankali. Tun da ya kuɓuto daga jirgin kamun kifin da dillali ya sayar da shi a ciki, bai taɓa ba ni labarin abin da ya gani ba. Har na haihu bai yarda ya ɗauki yarinyar ba, wai hannunsa ba abin yarda ba ne.

Ina ninke zani, tambaya ɗaya ta ƙi barina. Me ya sa yau? In na miƙa masa kwanon miya ta gaba, lafiya lau, har tsokanata yake. In na dafa shi ta baya, sai ya zabura kamar an ɗana masa garwashi. A kasuwa kuwa sai ya sami bango ya jingina kafin ya iya haɗiye loma. Fatalwa ce take tsoron bango?

Na sauko, na ɗora Malis a cinyar Mak, na zagayo ta gabansa.

"Bong, zauna. Jingina da ginshiƙin."

"Ba ki ji abin da na ce ba?"

"Na ji, jakar ma tana sama a ɗaure. Ba labarin jirgi nake tambaya ba. In abin ya taso, daga ina yake farawa?"

Can ya kai hannu ƙeyarsa, ya sauko da shi ƙirji.

"Nan... sai nan ya toshe." Muryarsa ta yi ƙasa. "Rub-da-ciki suke kwantar da mu, Oun. Ba ka ganin abin da zai sauka a kanka."

Mak ta daina jijjiga yarinyar.

Na tsinto ƙwandalar a gindin randa, na goge ta da zanina, na ajiye a tafin hannunsa.

"Kai za ka yi wa kanka. A damtse, inda idonka yake gani. Ka kafa ƙafafunka a ƙasa... kana jin sanyinta?"

"Ina ji."

Na shafa masa man. Ya ja ƙwandalar a hankali, ya sake ja, jan layi ya fara fitowa.

"Wannan ai susa ce!" in ji Mak. "Ko kaza ta fi shi ƙarfin tono."

"Mak, don girman furfurarki..."

"Na yi shiru, likita."

Da ya ɗan saba, na ce ya ba ni. "Ka ɗora hannunka a kan nawa, rabin raina. Ka ce tsaya, in tsaya."

Na ja zuwa kafaɗa. Ina kusantar wuyansa na ji yatsunsa sun ƙanƙame nawa.

"Tsaya!"

Na ɗage hannuna cak.

Ya bi hannun da kallo, ya dawo da idonsa kan fuskata.

"Kin tsaya..."

"Ai ka ce."

"Ci gaba." Ban yi nisa ba ya sake cewa, "Tsaya." A wannan karon babu abin da ya taso masa, gwadawa kawai yake. Na tsaya. Ya maimaita, na sake tsayawa. Sai hawaye suka zubo masa.

Daga nan ƙafafunsa suka ɗauki rawa, kar-kar-kar, har ƙura tana tashi. Mak ta yunƙuro za ta danne su.

"A'a, Mak! Bong, ciwo yake yi?"

"Babu ciwo... kamar gudu suke so su yi."

"To bar su su yi gudunsu. Ga ni a gabanka."

Muka zuba musu ido, har shi mai ƙafafun. Rawar ta hau cinya, ta kai ciki, sannan ta fara lafawa da kanta. Kafaɗunsa da kullum suke ɗage suka sauko. Ya ja dogon numfashi, sai ga wata irin gyatsa da ta firgita kajin gida.

"Kun ji ko!" Mak ta yi shewa. "Iska ta fita! Aikin ƙwandalata ne!"

Piseth ya fashe da dariya, majina da hawaye shaɓe-shaɓe.

Ana haka muka ji hon ɗin babur a bakin hanya. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

Ban yaudari kaina ba, ciwon shekaru ba ya warkewa a wuni ɗaya. Na ce, "Ku saurara, ku biyun. Daga yau babu mai zo masa ta baya, Mak, ko da abinci ne. Lilon Malis ba zai ƙara kusantar gadon nan ba. Kai kuma, akwai matar da take duba waɗanda suka dawo daga teku a asibitin gari, tare za mu je. In ka ƙi, ga babur can."

"Zan je."

"Miƙo hannayenka in gani."

Ya miƙo. Na karɓi Malis, na durƙusa a gabansa, na kwantar masa da ita, hannayena suna tallafe da nasa ta ƙasa.

"Oun, kada ki saki..."

"Sai ka ce."

Malis ta ƙura masa ido, ta cafki hancinsa. Yayana ya leƙo yana karkaɗa makullin babur, yana tambaya ina jakar, dare zai yi mana a hanya. Ban waiga ba.

"Ajiye makullin ka wanke hannu," na ce, "shinkafa ta nuna."

Piseth ya sunkuyar da kai, leɓensa a goshin 'yarsa.

"Saki," ya ce.