Kiran Bayan Shinge

Ruwa kawai Malam Mati ya je ɗebowa. Rana ta yi ja, ta rataya a kan duwatsun yamma. Yana biye da jakinsa Waziri a 'yar hanyar da ta ratsa gonakin gyaɗa, jarkoki huɗu suna ta karo da juna a bayan jakin.

A bakin rafi ya gan ta. Karsana ce, fara sol, tsaye a tsakiyar gyaɗar wani bawan Allah. Ba ta cin komai. Tsaye kawai take, kamar mai jiran motar Katsina.

Irin wannan kuwa aikinsa ne. Tun da mutanen ƙauyukan bakin daji suka fara kwashe nasu ya nasu suna komawa gari, dabbobin da ba a san masu su ba suka yi yawa. Da damina su faɗa gonaki, a wayi gari ana nuna wa juna yatsa. Sai ƙaramar hukuma ta ba da kwangilar tsare dabbobin tsintuwa, a ciyar da su har masu su su zo cigiya. Wani Alhaji Nafi'u ya samu kwangilar. Ya zagaye wani kufai da waya a gefen hanyar Batsari zuwa Safana, inda babu maƙwabci sai tsamiya ɗaya da matacciyar rijiya, sannan ya shiga neman mai tsaro. Kowa ya ce yana da iyali. Mati ne kaɗai ba shi da wanda zai ce wa sai na dawo. Matarsa Zuwairatu shekararta biyu a ƙasa, 'yarsu ɗaya tana aure can Funtuwa. Abin da ya rage masa a gida shi ne jakin nan, wanda Zuwairatu ta raina da hannunta.

Ranar da Alhaji ya kawo shi wurin, yana kaɗa makullin mota, yana ɗage ƙafar wando kada kashin awaki ya taɓa masa shadda, ya ce, "Baba, komai da tsari, ka gane ko? Duk dabbar da ta shigo, a huda kunne a maƙala lamba. Ba lamba, ba dabba. Masu dubawa za su zo daga sakatariya, ka gane ko?"

Mati ya ce ya gane. Amma shi ma yana da tasa dokar, wadda ba ta cikin takarda. Wanda duk ya zo cigiya, ba ruwan Mati da rantsuwarsa. Sai ya ce, "Tsaya a bayan shinge, ka kira ta yadda kake kiranta a gida. Wadda ta amsa, taka ce." Ɓarayi da yawa sun ji kunya a wurin nan. Akwai wanda ya yi ta kira har maƙogwaronsa ya bushe, akuya tana kallonsa tana tuƙa, kamar ta ce daga wane gari?

Ran nan ko igiya bai sa wa karsanar ba. Da ya juya da jaki, ta biyo su. Bai ji ƙarar kofatonta ba, amma bai kawo komai a ransa ba. Ƙasar damina ce, da taushi.

Da safe Tasalla mai fura ta biyo za ta kasuwa. Tsararsa ce, tun suna yara suke tsokanar juna. Ta sauke ƙwarya a bakin waya, ta leƙa, sai fara'arta ta ɗauke.

"Mati, ina ka samo wagga?"

"A gonar gyaɗa. Ko taki ce, in ba ki?"

"Bar wasa. Duba ta da kyau. Babu tsaga, babu tambari, babu kaska ko ɗaya. Ƙuda ma bai sauka gare ta." Ta rage murya. "Kakana kan ce, in ka tsinci irin wagga, ka ba ta ruwa, ka bar ƙofa buɗe. Ba a ɗaure ta, ba a huda ta. Ba mu kaɗai ke da garke ba a dajin nan."

"Ke da kakanninki! Alhaji ya ce ba lamba, ba dabba."

"To shi Alhajin a nan yake kwana?"

Ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce, ko furar da ta saba bar masa ba ta tsaya damawa ba.

Mati ya ɗauko abin huda. Ya kama kunnen karsana, sanyi ƙalau kamar randa. Ya matsa. Ba ta ko motsa ba, jini bai fito ba. Wani ƙamshi kawai ya taso, na madarar da aka tatso yanzu. Ya maƙala rawayar lamba, arba'in da ɗaya, ya ɗaure ta a turke kusa da bukkarsa.

Wanda ya daɗe shi kaɗai, da kowa ma zance yake. Mati ya saba yi wa awaki hira, amma su ba su da kunnen sauraro. Wannan kuwa, in ya fara magana sai ta juyo, ta kafe shi da ido. Kwana uku yana zuba mata labarin Zuwairatu. Har muryarta yake kwaikwayo, ya siranta tasa, ya ja ƙarshen magana yadda take ja: "Wash! Gidan nan in ba ni, ko kaza sai ta yi hijira." Ya ƙara da ɗan tarin nan nata, ƙyaf-ƙyaf, sau biyu. Ya yi dariya shi kaɗai, ya share ido da hannun riga. Kunnen mai lamba yana juyawa, yana bin bakinsa.

Abu ɗaya ne bai gaya mata ba. Zuwairatu mai alkunya ce irin ta mutanen da. Shekara talatin da ɗaya suna tare, ba ta taɓa kama sunansa ba. Sarkin Noma take ce masa, don shekarar aurensu dami uku kacal ya samu a gona. Ita ce ma ta raɗa wa jakin Waziri, wai sarki ba ya zama ba waziri. Kullum da yamma in ta ƙwala kira, "Sarkin Noma, tuwo na hucewa!" jakin ne kan riga shi amsawa, don ya san dusa na tafe. Sai ta ce, "Ka ji, Waziri ya fi Sarki ladabi." Wannan sunan Mati ya ɓoye shi a ƙirji, kamar ragowar turare a kwalba.

Rana ta uku da almuru, ya ɗauki buta zai yi alwala. An yi yayyafi da la'asar, ƙasa tana ƙamshi. Kwaɗi sun cika rafi da kuka.

Sai suka yi shiru. Gaba ɗaya, kamar an rufe su da murfi.

Ya ɗaga kai. Awaki, tumaki, har tsohon bajimin da ba ya tashi, duk suna tsaye. Duk sun fuskanci tsamiya.

Ƙamshin madara ya cika wurin.

Daga cikin geron da ke bayan shinge ya ji tafiya. A hankali. Geron ya fi mutum tsawo, kuma ko ganye ɗaya bai motsa ba.

"Gafara dai, mai gida." Muryar mace ce, ba ta yarinya ba, ba ta tsohuwa ba. "Cigiya na zo."

Babu sallama. Ya lura da haka. Amma baki ya riga ya saba.

"Tsaya a bayan shinge ki kira," ya ce.

"Wanda ya amsa, nawa ne?"

"Naki ne."

"Kai ka faɗa."

Ta yi kira. Ba kalma ba ce. Wani sauti ne kamar iska a bakin tulu. Karsanar da ba ta taɓa kuka ba ta ɗaga kai ta amsa, doguwar amsa, har butar hannunsa ta yi rawa.

Ya ajiye buta. Ya je turke. Yatsunsa sun ƙi kama ƙullin igiya.

"An huda mini kunnen ɗiya," in ji muryar, ƙasa-ƙasa.

"Doka ce, baiwar Allah. Ba da mugunta ba."

"Na ji. Ni ma dokarka zan bi. Ban gama kira ba."



Sai ga wani ƙamshi daban. Hayaƙin karan dawa, da man kaɗanya. Ƙamshin zanen Zuwairatu.

Ƙyaf-ƙyaf.

"Mati."

Muryar Zuwairatu. Ita ce. Har jan ƙarshen maganar. Shekara biyu kunnensa yana neman wannan muryar a kasuwa, a bakin rijiya, a cikin barci. Bakinsa ya buɗe.

Ya tsaya.

Mati? Zuwairatu?

Ya jingina goshi da wuyan karsana, yana haki. Daɗin kuɓuta ya kwance masa harshe. "Ba ita ba ce," ya raɗa. "Ita Sarkin Noma take ce mini."

Kunnen mai lamba ya juya.

A nan ya san abin da ya yi: da bakinsa ya ba da sunan.

Daga cikin gero aka yi dariya. Dariyarta, wadda take rufe baki da gefen mayafi.

"Sarkin Noma."

Bai san ya saki igiya ba. Ya ga dai ƙafafunsa suna tafiya.

"Sarkin Noma, ka rame. Wa ke dafa maka?"

Taku biyar zuwa waya. Huɗu.

Na'am tana hawowa daga cikinsa, da zafi, kamar amai. Ya nemi addu'a, amma ya san in ya buɗe baki ba ita za ta fara fita ba.

Ya fizge hularsa. Ya cusa a baki. Ya cije.

Ɗanɗanon gumi. Hawaye suna bin gemu.

Hannunsa ya kama waya. Ƙaya ta shige tafin. Bai ji ba.

Tsakanin karan gero, ga gefen farin zane. Ba ƙafa a ƙarƙashinsa.

Muryar ta matso, dab da kunnensa. Ta ɗaga, yadda take ɗagawa daga madafi.

"Sarkin Noma, tuwo na hucewa!"

Haƙoransa suka fara saki.

Sai Waziri ya ɓarke da kuka.

Kuka irin na murna, wanda rabon Mati da jin sa tun kafin jana'izar Zuwairatu. Jakin ya ja, ya tumɓuke turke, ya nufo ƙofa da kunnuwa a miƙe.

"Ya amsa," in ji muryar farko, wadda ba ta yarinya ba, ba ta tsohuwa ba. "Huda ɗaya, kai ɗaya. Mun rabu."

Ƙofar da ya sa wa sakata da hannunsa tana buɗe. Karsana ta fita. Waziri ya bi ta, yana jan turkensa, ko waiwaye bai yi ba. Gero ya haɗiye su.

Can nesa, daga wani ƙauye, iska ta kawo kiran sallar magariba, siriri. Kwaɗo ɗaya ya gwada murya. Saura suka ɗauka.

Mati ya tofar da hula. Ya ga ƙafarsa ɗaya ta riga ta tsallake waya. Ya janyo ta da hannu biyu, kamar ta wani. A wurin ya yi sallah, da jini a tafinsa, yana maimaita Fatiha don ya kasa tuna wata sura.

Da gari ya waye ya tarar da turken Waziri a kafe a raminsa, kamar ba a taɓa shi ba. A kansa an ɗora rawayar lamba, arba'in da ɗaya, tsaf, ko gashi babu a jiki. Tasalla ta zo, ta dubi turken, ta dubi hannunsa. Ba ta ce na gaya maka ba. Ta zauna ta dama masa fura, ta tsaya har ya shanye.

Alhaji Nafi'u ya iso da hantsi, ya juya lambar a hannu. "Baba, ga lamba, ina dabba? Wannan ba tsari ba ne, ka gane ko?"

"Mai ita ta zo," in ji Mati.

"Ta sa hannu a takarda?"

"In ta dawo, Alhaji, sai ka tsaya ka ba ta biro."

Alhaji ya dubi tsamiya, ya dubi agogo, ya tuna ana jiran sa a Safana.

Tun daga ranar doka ta sake a wurin. Mai cigiya sai ya yi sallama, ya shigo ciki, a ga fuskarsa da ƙafarsa, sannan ya kira. Dabbar da ba tsaga ba tambari, Mati ya ba ta ruwa ya bar ƙofa buɗe, masu dubawa su ce abin da za su ce. Ruwa kuwa yanzu a ka yake ɗaukowa, jarka ɗaya-ɗaya, tun rana na sama. In ka kira shi ta baya a kasuwar Batsari, ba zai amsa ba sai ya juyo ya gan ka. Matasa suna cewa tsohon ya kurumce.

'Yarsa ta aiko sau biyu ya koma Funtuwa. Ya ce sai bayan kaka. Kaka ta wuce, wata ta zo.

Wani lokaci da almuru, in iska ta kwanta, akan ji kukan jaki can bayan tsamiya, inda ba gida ba gona. Kukan jakin da aka kawo wa dusa. Kafin lokacin Mati ya riga ya yi alwala, ya zauna a bakin bukka, nesa da waya, ya cire hula ya cusa a baki, ya kasa kunne.

Tasalla ta taɓa tarar da shi a haka. Ta ce, "Har yanzu tsoro kake ji?"

Ya zare hular, ya dubi gero.

"Ba tsoro ba ne, Tasalla. Na san ba ita ba ce. Amma in aka sake kira, amsawa zan yi."