Batirin da Ke Bayan Kujera

Ina kwashe shanya maigidana ya ƙwala min kira daga gareji, wai in kawo masa tocila. Rana ta faɗi, ga shi an ɗauke wuta. Na ajiye kayan a bakin ƙofa, na ja mayafina na fita.

A gidan yayansa muke zaune a lokacin, a ɗakunan baya, kusa da tankin ruwa. Maigidana rewaya ne, mai gyaran wutar mota. Yaya kuwa ɗan kasuwa ne, shi ke da gidan, kuma ba ya bari mu manta da hakan. Tun da aka kawo ni ban taɓa iya haɗa ido da shi ba, gaisuwa ma a ciki nake yin ta. Shi ya sa ya raɗa min suna Bebiya. Ko a gaban baƙi haka yake kirana.

A makon ne Yaya ya sayi wata mota. Ba tuƙo ta aka yi ba, a bayan babbar mota aka ɗauko ta, don batirinta ya mutu murus. Ja ce, irin ta tsere, ƙofa biyu, kujera biyu, ta kwanta a ƙasa kamar an danne ta da hannu. Rufinta ko ƙirjina bai kai ba.

"Ga Bebiyarka ta iso," in ji Yaya. "Sai a yi sauri. Abokaina na hanya, na ce musu yau za su ji kukan motar."

"Yaya, da an bari sai da safe," maigidana ya ce. "Ba a ganin komai."

"Ba kai ke cika baki wai babu motar da ta fi ƙarfinka ba? Mutum yana ci a gidana yana sha, batir guda ya gagare shi."

Maigidana ya juyo. A kaina ya sauke haushin. Ya fizge tocilar daga hannuna.

"Sai yanzu? Da rarrafe kika zo? Tsaya nan ki haska min."

Ya mayar min da ita. Rimot ba ya aiki tunda ba wuta a motar, sai ya zaro ɗan siririn makullin ƙarfe daga cikinsa, ya lalubo ramin da ke ƙarƙashin hannun ƙofa, ya murɗa. Ƙofar ta buɗe. Wani wari ya fito, na tsohon turare da ya kwana a jikin fata, haɗe da ƙamshin ƙasa mai danshi. Na ja da baya.

Maigidana ya leƙa ciki ya yi tsaki.

"Dubi aikin banza. Fitila a kunne, rediyo a kunne, fanka, har abin goge gilashi. Wa ke barin mota haka? Ai dole batir ya mutu. Mutane ba su san darajar batir ba wallahi."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kashewa. Ƙas. Ƙas. Ƙas.

Ni kuma ina haskawa ina kallo. Mutum yakan manta fitila. Amma ba mai manta komai da komai a lokaci guda. Wannan sai wanda ya zauna ya kunna da gangan, ya rufe ƙofa, ya bar motar ta shanye batirin. Sannan kujerar direba an tura ta gaba har ta haɗe da sitiyari, ko kyanwa ba za ta samu wurin zama ba. Bel ɗinta kuma an naɗe shi a wuyan kujerar, an ƙulle tamau, irin ƙullin da ake wa bakin buhu.

Maganar ta zo min har maƙogwaro. Na ga takalman Yaya a gefena, na haɗiye ta.

"Wa ya bar ta haka?" maigidana ya tambaya.

"Dillalin da ya sayar min ya ce matar mai motar ce ta yi shirmen. Mijin ya rasu, ita kuma ba ta san kan mota ba."

"Rasuwa ya yi? A ina?"

"Ina ruwanka? Mota na saya, ba mutumin ba. Yi aikinka."

Irin motar nan batirinta ba a gaba yake ba. A bayan kujerar direba yake, cikin wani rami mai murfi, a ɗan lungun da bai fi a ajiye jakar hannu ba. Maigidana ya kwanta rabi ciki rabi waje, ya ciro tsohon da ƙyar, har ya goge gwiwar hannu. Ya zura sabon. Sai dai notin da ke ɗaure wayoyin yana can ƙarƙashin wani ƙarfe, hannunsa ya ƙi shiga. Ya juya ta nan, ya juya ta can, kafaɗunsa suka cije a ƙofa. Ya fito yana gumi. Sai ya tsaya yana kallon hannuwana.

"Shiga."

"Ni?"

"Akwai wata a nan? Hannunki ne zai shiga."

Na matsa kusa da shi na yi ƙasa da murya. "Don Allah a bari gari ya waye. Motar nan ban yarda da ita ba."

"Me take cewa?" in ji Yaya. "Au, ashe tana magana?"

"Ba komai, Yaya." Maigidana ya danƙa min sifana, ya matse yatsuna a kanta har sai da na ji zafi. "Kar ki kunyata ni a gabansa. Ji nan. Jar waya za ki fara ɗaurewa. Baƙar ita ce ta ƙarshe. Kar ki bari sifanar ta taɓa ƙarfen mota. Kin gane?"

Na gyaɗa kai.

Na yi bismillah na cusa kaina. Da yake kujerar na can gaba, na samu na durƙusa a lungun, bayana ya jingina da bangon motar, fuskata na gogar bayan kujera. Ciki da sanyi, irin sanyin randa. Maigidana ya karɓi tocilar ya zagaya ɗaya gefen don ya haska min ta gilashi. Yaya ya ga ƙofar da na shiga tana neman taɓa ɗaya motarsa, sai ya sa ƙafa ya tura ta.

"Za ku goge min fenti."

Ba ta rufe duka ba. Ta dai tsaya a bakin rufuwa. Amma nan take muryoyinsu suka yi nisa, kamar daga gidan maƙwabta.

Na ɗaure jar.

Na kamo baƙar. Ina ɗora ta, wuta ta yi tartsatsi, tas! Fitilun gaban sitiyari suka kawo, ja da kore.

"Yauwa!" na ji maigidana ta bayan gilashi. "Ɗaure ta sosai. Sosai fa!"

Na ɗaure sosai. Na ƙara murɗawa har notin ya ƙi motsi.

Sai ƙofar ta ja kanta a hankali. Ta rufe.

Ƙaras. Duka biyun suka kulle.

Maduban waje suka buɗe kamar kunnuwa. Sitiyari ya miƙo. Daga ƙarƙashin kujerar wani ɗan ƙugi ya fara, zuuuu, kujerar ta soma tahowa baya. Wajena.

Na buga gilashi. Maigidana ya kara bakinsa.

"Kar ki tsorata! Komawa take inda mai ita ya saba zama. Haka suke yi. Yanzu za ta tsaya."

Ta taɓa gwiwoyina. Ba ta tsaya ba.

Ta tura ni na manne da bango. Ba ta tsaya ba.

A saman kaina na ji wani sulululu. Ƙullin bel ɗin nan ne yake warwarewa. Ba hannun da ya taɓa shi. Ya warware, ya sauko, ya zagaya gaban kujerar, ya shiga maƙalinsa. Ƙyat.

Sai kujerar ta yi ƙara. Irin ƙarar da fata ke yi in mai nauyi ya zauna.

Motar ta ɗan nutse ta gefen nan.

Bayan kujerar da ke manne da kumatuna ya kumburo. Ya yi ɗumi. Yana tashi yana sauka.

Numfashi ne.

Na buɗe baki zan yi addu'a, harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse. A'uzu kawai nake iya cewa, ita ma a zuci.

Madubin tsakiya ya fara juyawa. Kaɗan kaɗan. Ya sunkuyo, ya karkato, sai da ya same ni ya tsaya.

Ban ga fuska ba. Hasken tocilar maigidana na ratsa ko'ina, ban da wurin da kai ya kamata ya kasance. Nan duhu ne, dogo, ya kai rufi har ya tanƙware.

"Wa ke bayana?"

A hankali aka faɗa. Ba ta rediyo ba. Ta cikin kujerar na ji, a ƙashin kumatuna.

"Ba a zama a bayana."

Zuuuu. Haƙarƙarina ya fara amsawa.

A waje maigidana na jan hannun ƙofa da hannu biyu. Yaya na danna rimot yana masifa.

"Ita ce ta taɓa wani abu! Ka ga abin da nake faɗa? Ka kawo min baƙauya ta lalata min mota!"

Sai injin ya fara ƙoƙarin tashi. Makulli na hannun Yaya a waje, amma injin na juyawa. Gir-gir-gir. Ya tsaya. Gir-gir-gir.

"Ka ji!" Yaya ya yi tsalle. "Za ta tashi! Bar ta ta tashi!"

Maigidana ya manna fuskarsa a gilashi. Ban taɓa ganin idanunsa haka ba.

"Cire baƙar! Baƙar! In ta tashi, ko kin cire ba za ta mutu ba!"

Hannuna na dama na ƙasa, a danne. Sifanar na nan a cikinsa. Na lalubi notin. Ni na ɗaure shi da kaina, sosai, yadda aka ce min.

Sifanar ta zame.

Na sake lalubawa.

Wani abu ya kama wuyan hannuna. Yatsu ne, dogaye, masu sanyi. Ta ƙarƙashin kujera suka zo.

"Bar shi."

Gir-gir-gir.

Numfashina ya ƙare. Wani abu ya ce ƙas a gefen ƙirjina, zafi ya ratsa ni har ƙeya. Na sa abin da ya rage min na ƙarfi na tura sifanar.

Notin ya motsa.

Yatsun suka matse.

Na ƙara turawa. Na saki sifanar na kama wayar da farce, na murɗa, na ja.

Ta fita.

Komai ya mutu. Fitilu, ƙugi, injin. Ɗumin da ke kumatuna ya tafi lokaci guda.

Amma kujerar ba ta koma ba, ƙofofin kuma na kulle. Ina nan a matse, iska ba ta shiga. Ina gani dishi-dishi maigidana ya sunkuya ya ɗago tsohon batirin. Yaya ya riƙe masa riga.

"Kai! Ka fasa gilashin nan ka bar min gida yau ɗin nan!"

"Sake ni."

"Ni kake cewa in sake ka? A kan wannan abar?"

Maigidana ya ture shi da kafaɗa, Yaya ya faɗa kan tayoyin da ke jingine. Batirin ya sauka a gilashi. Ya tarwatse, ɓaraguzai suka zubo min a ka. Maigidana ya zura ƙarfen jak a bayan kujerar, ya danna da duk nauyinsa, ta ɗan saki. Ya kamo ni ta hammata ya ja.

Na fito har ƙugu, sai na tsaya cak. An riƙe mayafina ta ciki. Wuyana ya shaƙe.

Ba wuta a motar. Ba komai a kunne. Amma ja ake yi.

Maigidana ya sa haƙori ya yaga mayafin. Muka zube a ƙasa tare. Ragowar ya shige cikin motar, suuu, kamar an zuƙe shi.

A asibiti aka ce haƙarƙarina biyu sun tsage. A wuyan hannuna kuma akwai shatin yatsu, likita ya dubi maigidana da wani irin ido, ni kuwa ban san yadda zan yi masa bayani ba. Ba mu sake kwana a gidan Yaya ba. Wani abokin aikin maigidana ne ya ba mu ɗaki a bayan shagonsa. Har yau maigidana bai ce min in yi haƙuri ba. Amma duk motar da aka kawo masa da mataccen batir, sai ya tambayi yadda aka yi ya mutu kafin ya taɓa ta. In bai gamsu ba, ya ce a kai gaba.

Yaya ya samo wani rewaya, aka sa batirin, aka sa gilashi. Motar na yawo a gari.

Bayan na warke muka je gaida surukata, mahaifiyarsu. Muna zaune muka ji tsayuwar motar a waje. Yaya ya shigo. Gajere ne, hularsa ma ba ta kusa da saman ƙofar, amma da zai shiga sai da ya duƙar da kai sosai. Ya zauna ya miƙe ƙafafu, yana ta gyara su kamar ɗakin ya yi masa kaɗan. Ya gaida Mama a hankali, ba hayaniyar nan tasa. Bai kalli kowa ba. Ruwan da aka kawo masa bai sha ba. Can ya tashi, ya sake duƙawa a ƙofa, ya fita.

Mama ta daɗe tana kallon labulen. Sannan ta kamo hannun maigidana.

"Wannan da ya fita yanzu," ta ce da raɗa, "yayanka ne kuwa?"

Makullin motar na nan a kan tabarma inda ya zauna. Muna jin takunsa a tsakar gida, bai ko kai ƙofar waje ba, motar ta tashi.