Tsohon Boris A Motar Marigayi

Da hantsi wata malamar makaranta ta shigo caji ofis, idonta jawur, ta ce a kama mata makanikin da ke bayan tasha. Ta kai masa motar mahaifinsu marigayi da sabon boris na kuloci a kwalinsa. Amma da mai son sayen motar ya zo gwaji, yana taka kuloci sai ƙugi ya tashi kamar ana niƙa tsakuwa. Da aka sauke giyabos a wani garejin, sai ga tsohon boris zaune daram. Sabon ya yi ɓatan dabo.

Kafin Sufeto ya iso, an riga an ajiye makanikin a bayan kanta. Dattijo ne. Ba ɗaurin ne ya fi damunsa ba. In maganar ta bazu, ko keke babu mai sake kawo masa.

"Baba, ka saka sabon ko ba ka saka ba?"

"Ranka ya daɗe, da hannun nan na zaunar da shi. Na tafi sayen man giyabos, da na dawo mai faci ya kama mini muka ɗora giyabos. Ban sake leƙa ciki ba."

Sufeto ya je ya ga tsohon boris ɗin. An cusa masa giris har yana tumbatsa, don ya yi shiru har a bar gareji, sai ya ɗauki zafi kukan ya dawo. Irin aikin makanikin da ya yi niyyar cuta ke nan, Sufeto kuwa tun kallon farko zuciyarsa ta ƙi yarda dattijon nan macuci ne.

Mai faci da fari ya rantse bai ga komai ba. Da aka ce to ya zo ofis ya yi rantsuwar a rubuce, sai tunaninsa ya dawo: Auta, ƙanin malamar, shi ya zauna gadin motar.

Da aka kira Auta gindin motar, ya ce shi ko sufana bai iya riƙewa ba, a inuwa ya wuni yana latsa waya. Yana maganar, tafinsa na kan bonet yana shafawa a hankali.

Sufeto ya lura. Ya juya ya shaida wa malamar cewa motar ta zama shaida, za a ja ta harabar ofis har a gama shari'a. Taya za ta sace, rana ta cinye fenti, ɓeraye su yi gida a kujeru.

"A'a, yallaɓai!" in ji Auta. "Kada ku kai ta can."

Da kansa ya buɗe but ɗin motar, ya ɗaga safayar taya, ya ciro sabon boris naɗe a tsumma mai tsabta.

"Yaya, so na yi mai sayen ya ji kukan ya fasa. Har yanzu ƙamshin Baba na cikinta. Wallahi ban zaci za a kama kowa ba."

Malamar ta toshe baki, hawaye na bin yatsunta.

Sufeto ya ce da kofur ya tafi da Auta ya ba da bayani, a fito da dattijo.

A bakin ƙofar ofis suka yi kiciɓis da dattijon. Malamar ta durƙusa tana neman gafara, makanikin ya ce ta tashi, ya yafe, numfashinsa na fita a sake. Sannan ya dubi Auta sama da ƙasa.

"Kai ɗan nema, an ce ka zaunar da tsohon boris ɗin daidai, ko kilif ba ka karya ba. Wa ya koya maka?"

Auta ya sunkuyar da kai. "Babanmu."

Kofur ya dafa kafaɗarsa, suka shige ciki.